Turke Huɗu a Kafaɗar Baduku

Ku samarin da ke zama kan benci gaban rumfata a kasuwar Boɗinga, kuna danna waya kuna cewa wai dukanci ai huda ne da zura zare, ko makaho ya iya, wannan takarda taku ce. Karatuna aji huɗu ne, sai ɗan abin da na ƙara a yaƙi da jahilci, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku, ku da kunka yi boko mai zurfi. Sunana Umaru. Shekara arba'in da 'yan kai ina ɗinkin guga da wasaki da mangalar jaki, ina tufkar igiyar turke. Takalmi da jakar mata ban taɓa su ba, wannan na masu son a duba a yaba ne. Nawa aikin ba kallonshi ake yi ba, ja ake yi.

Wasakin farko da na ɗinka da hannuna, a rumfar maigidana Baba Nomau ne, Allah shi jiƙan shi. Wasaki shi ne babban gugan fata da sa ko raƙumi ke jawowa daga rijiya mai zurfi, ba ɗan gugan da mata ke ja da hannu ba. Kwana uku na yi a kanshi. Na yanka ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa, na jiƙa, na huda da basilla, na bi da zaren da munka yanko siriri daga fatar akuya, na lanƙwasa itace na kafa mashi baki, na ɗaura mariƙi. Na kai ma Baba Nomau ina jiran madalla. Ko dubawa bai yi ba. Ya ce in sake jiƙa shi, in cika shi da ɗanyen yashi, in rataye a reshen bedi, wato dogon yaro, da ke bayan rumfa. Da na rataye sai ya tashi ya kama gindin wasakin, ya ɗan ja ya saki, ya ɗan ja ya saki, ba da ƙarfi ba, kamar mai jijjiga jariri. Ya yi haka ya fi sau ɗari yana hira da wani mai goro. Can sai ga yashi yana tsiyaya kan ƙafarshi.

Ya dube ni ya ce, "Akuya ba ta tsinke igiya da ƙarhi, Umaru. Naci taka yi mata. Kwance ka sake."

A wurinshi na koyi cewa duk abin da anka ɗaure, wuri uku yake mutuwa: ko zare ya tsinke, ko ƙulli ya sulluɓe, ko turke ya tumɓuke. Na kuma koyi dokar da ban taɓa karyawa ba, cewa sabon ɗinki sai an ɗora mashi nauyi tun yana ɗanye, zaren ya nutse cikin fata ya zauna. In ka bar shi ya bushe ba nauyi, sako-sako zai yi ya riƙa yoyo har ya tsufa. Don haka ba abin da ke barin rumfarmu bai sha yashi a reshen bedi ba. Ku riƙe wannan dokar a ranku, don ita ta ciyar da ni, ita kuma ta so ta raba ni da sana'a.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke rainawa. Basilla biyu, babba da ƙarama, aska, dutsen wasa ta, ɗan kakin zuma na shafa ma zare, da guntun ƙaho na danne ɗinki. Duk su shiga aljihun riga. Amma abin da ke ɗinka wasaki ba ya cikin aljihu. Kowace huda, bakin zare biyu ke ratsa ta, ɗaya ta nan ɗaya ta can, sai ka naɗa su a hannuwa ka buɗe ƙirji ka ja har fatar ta yi kuka. Wasaki ɗaya ka yi haka sau ɗari biyu ko fi. Yatsu ƙawa ce. Kafaɗa ke ɗinki.

Shekarar da zaren nailan ya shigo mana, Baba Nomau ya riga ya rasu, ni ke da rumfa. Wani mai sayar da kayan kamun kifi ya kawo shi, fari fat, mai santsi, ya ce in tsinka in gani. Na naɗa na ja har ya yanke mani hannu, bai tsinke ba. Na ce to, wahalar yankan fatar akuya ta ƙare. Ranin nan duk wasakin da na yi da shi na yi. Gwaji kuwa na yi, kada in yi ma kaina ƙarya, amma na malalaci: ja uku masu ƙarfi na sauke, tunda na yarda da zaren. Wata bai cika ba sai ga makiyayan Mandera da wasaki a bayan jaki, sallamarsu gajera. Nasu ya fashe tsakiyar rijiya da rana tsaka, shanu na tsaye suna kuka. Sunka shimfiɗa mani shi a ƙasa. Zaren yana nan lafiya lau, ko gezau. Fatar ya yanka, huda zuwa huda, kamar an bi da aska. Ƙullin mariƙi kuma, irin wanda na saba yi da zaren fata ya kwana shekara bai motsa ba, ya sulluɓe saboda santsi. Babbansu ya ɗaga zaren sama ya ce in zarena ya fi fatata ƙarfi haka, to in ba su zaren su ɗebi ruwa da shi.

Nan na san wuri na huɗu da ɗauri ke mutuwa, wanda Baba Nomau bai rayu ya gani ba: abin da anka ɗinka shi kanshi. Na koma kamar sabon almajirin sana'a. Na koyi shimfiɗa wani yankin fata a ƙarƙashin zaren don nauyin ya bazu, kada ya taru a layi ɗaya. Na koyi cewa ƙullin nailan sai an bi shi da wasu uku a baya, kowane a juya shi saɓanin na gabanshi, kuma a riƙa sauya bakin zaren da ake naɗawa a kai. Rani biyu mutanen Mandera ba su taka rumfata ba. Ban ga laifinsu ba.

Aikin da ya kai ni hannun likita, wasakin mutanen Lambara ne, shekara uku da sunka wuce. Na cika shi da yashi na ɗaga zan rataye, ƙafata ta zame, na tare nauyin da hannun dama. Na ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗa. Daga ranar hannun ya ƙi tashi sama da ƙugu. Yatsu na motsi, gwiwar hannu na lanƙwasa, amma in buɗe in ja zare, babu. Na je wurin mai ɗori, mutumin kirki, ya lalluba ya lalluba ya ce, "Wanga ba ƙashi na ba, Umaru, jijiya ta. Ba aikina na ba." 'Yata Saratu, wadda ke aikin jinya a wajen Shagari, ita ta ɗauke ni ta kai ni wani babban asibiti a birni. Anka tura ni cikin wani inji kamar burodi a tanda, anka ɗauki hoton cikin kafaɗa.

Likitan ƙashin bai girmi ɗana na fari ba. Sunanshi ba zan faɗa ba, kada ku cika mashi ofis da ciwon wuyan danna waya. Ya nuna mani hoton ya ce jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta ɓalle daga kan ƙashi. In an bar ta za ta ja baya ta ƙanƙance, har ta kai ba a iya jawo ta, hannun kuma ya zauna haka. Ya ce za a iya maida ta wurinta, kuma ba tsaga kafaɗar za a yi ba, 'yan ramuka uku ko huɗu za a huda, a zura kyamara a ɗaya, a yi aikin ta sauran. Ya tambaya ko ina da tambaya, irin tambayar da ake yi don a rufe takarda.

Na gyara zama na ce, "Likita, Allah shi ba ka nasara, uku gare ni. Da wane zare? Wane ƙulli? Kuma a jikin mi za ka ɗaure?"

Saratu ta ce, "Baba, don Allah."

Likita ya ɗaga mata hannu, ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa sai ya ajiye biro, ya jawo aljihun tebur, ya fiddo wani ƙashin roba da suke koyar da ɗalibai da shi, da wata 'yar ƙusa mai murɗi wadda ba ta kai rabin gaɓar ɗan yatsa ba, zare biyu na reto a bayanta. Ya ce wannan ake murɗawa cikin ƙashi ta nutse, zaren ya rage a waje, a ratsa jijiya da shi a jawo ta a ɗaure. Na juya ta a tafin hannu na ce ashe turke ne. Ya ce sunan da suke kiranta da Turanci ma bai yi nisa da haka ba. Na ce to turke ai sai ƙasa, na laka daban na jigawa daban, ƙashin tsoho irina wace ƙasa ce? Ya ce sai ya shiga zai tabbatar, amma ƙashin dattijo yakan yi laushi kamar jigawa, shi ya sa ba za ya dogara da ɗaya ba, kuma akwai yadda ake karkata shi don ja ya ƙara danna shi maimakon ya zare shi. Na ce haka nake kafa ma raƙumi.

Zaren na karɓa na naɗa a hannun hagu na ciza ɗayan bakin na ja. Santsi kamar nailan, ƙarfi kuwa ya fi. Na ba shi labarin mutanen Mandera daga farko har ƙarshe, Saratu na duban silin. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce abin da ya same ni ya same su. Da, zarensu ke tsinkewa. Da anka ƙero masu ƙarfi sai tsinkewa ta ragu, ƙulli ya fara zamewa, zaren kuma ya riƙa yanka jijiya. Ya fiddo wani mai faɗi kamar zariyar wando ƙarama ya ce shi ya sa anka yi wannan, don nauyi ya bazu. Na tambaye shi yadda sunka gane, ko a jikin mutane sunka yi ta koyo. Ya ce akwai masu aikin gwaji kawai, suna kafa turakun nan a ƙashin dabba ko na roba, su ɗaure, su sa inji ya riƙa ja yana saki, ja yana saki, sau ɗaruruwa, kafin a yi babban ja na ƙarshe a ga abin da zai fara mutuwa. Kuma ba sai ya tsinke ba, in ƙulli ya saki ko da tsawon ƙwayar shinkafa ne, sun rubuta shi ya faɗi. Na ce ma Saratu ta ji, Turawa sun ƙera akuya ta ƙarfe.

Saura ƙulli. Ya ce abin lura shi ne yatsanshi ba zai shiga ciki ba. Ya ɗauko wani bututu kamar na biro, ya zura zaren ta ciki, ya ƙulla zarge a waje, sa'annan ya tura shi da wani siririn ƙarfe mai ido a baki, ƙullin ya gangara cikin bututun har ya zauna a jikin ƙashin roba. Na sa ido ina jira, don zarge shi kaɗai a zare mai santsi ba ƙulli ba ne, alkawarin ɗan siyasa ne. Sai ya bi shi da ɗaya. Ya sauya bakin zare ya juya ya bi da na biyu. Ya sake sauyawa ya bi da na uku. Abin da na yi rani biyu ina biyan kuɗin koyonshi da mutuncina, ga shi yaro yana yi a ƙasan bututu ba ya ko dubawa. Na ce ma Saratu ta sa hannu a takardar.

Ranar aikin ba ni da labari, don allurar barci ba ta bar ni na duba masu ba. Amma washegari Likita ya zo da hotunan da kyamarar ta ɗauka. Ku tsaya ku ji abin da mutanen nan ke yi. Ruwa suke turawa cikin gaɓar ta buɗe, saboda haka a cikin ruwa ake ɗinkin. Hannunsu na kan kafaɗarka, idonsu na kan talabijin a can gefe. Wurin aikin duka bai kai cikin ƙwaryar goro ba. Ku da kuke cewa ɗinki huda ne da zura zare, ku je ku zura zare a allura cikin tulu kuna kallon madubi, sa'annan ku zo mu yi magana. Turke huɗu ya kafa mani, biyu ciki biyu waje, zaren ya gicciye tsakaninsu ya danne jijiyar a kan ƙashi shimfiɗe, kamar yadda ake ɗaure kaya a bayan jaki. Na duba da kyau na ce mashi tazarar gefe ɗaya ta ɗan fi ta ɗayan, amma in ya zo rumfata zan ɗauke shi aiki. Ya yi godiya. Ya ce hannun zai zauna cikin maratayi mako shida, kada in ɗaga komi da shi, ko kofin shayi. Ya ƙara wasu bayanai. Ni kuwa ina duban hoton ƙullin.

Mako biyu na yi a gida da hannu goye a ƙirji kamar jariri. A na uku tunani ya fara cina. Ɗinki sabo, ɗanye, cikin jiki mai ɗumi, an bar shi ba nauyi. Shekara arba'in na san abin da ke biyo bayan haka. Na ce a raina yaron nan gwani ne a zare da ƙulli da turke, amma bai yi zaman rumfa ba, ba wanda ya gaya mashi sai an zaunar da ɗinki. Ba gardama na yi niyya ba, taimako na yi niyya, in ƙarasa mashi aikinshi. Da hantsi, in maiɗakina Hajo ta shiga madafa, sai in zare maratayi in ɗauki buta rabi da ruwa, in ɗan ɗaga in sauke, in ɗan ɗaga in sauke, a hankali, yadda Baba Nomau ke yi. Kwana uku haka. Rana ta huɗu na cika butar. A ɗagawa ta goma sha wani abu na ji zafi ya tsarga mani gaban kafaɗa kamar an ɗora garwashi. Butar ta faɗi. Na ɗaga kai sai ga Hajo tsaye da muciya.

"Malam, mi kaka yi?"

Na ce gwaji.

"Gwaji. To bari in kira wadda ta kai ka, ka gwada mata."

Kwana biyu bayan haka muna gaban Likita. Ya shafa mani wani abu mai sanyi mai yauƙi, ya ɗora na'urar nan irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Na ce in an ga ɗa a sanar da Hajo. Ba wanda ya yi dariya. Ya daɗe yana zagayawa. Sa'annan ya juyo da allon ya nuna mani. Turaku huɗu na nan inda ya kafa su. Ƙulli bai motsa ba. Amma a gefen gaba, zaren ya fara shiga cikin jijiya, ta ɗan ɗaga daga ƙashi, ga 'yar kafa baƙa a tsakani. Ban buƙaci fassara ba. Wasakin Mandera ne, a cikin jikina, da hannuna.

Ya tambaye ni dalili, ba da faɗa ba. Na gaya mashi dokar rumfa. Sai ya ce, "Baba, dokarka gaskiya ce a kan ƙirgi, don ƙirgi ya riga ya mutu. Ranar da ka gama ɗinkinka, ranar ya fi ƙarfi, daga nan sai raguwa. Nawa kuwa ranar da na gama shi ya fi rauni. Zaren nan ba shi zai ɗaga maka hannu ba. Aikinsa ya riƙe jijiya a jikin ƙashi kada ta motsa, har su manne da kansu. Duk ɗaga butar da ka yi, ɓamɓare abin da ya fara kamawa kake yi."

Na ce, "Mi ya hana ka hwaɗa mani haka tun farko?"

"Na faɗa, Baba. Kana duban ƙulli."

Ya ce kafar ƙarama ce, sauran ɗinkin na riƙe, akwai fatan jiki ya cike ta in na bar shi. In kuwa ta ƙara buɗewa sai an sake shiga, kuma aiki na biyu ba ya kai na farko kyau. Wannan ma bai sai ya bayyana mani ba. Huda kan huda ba ta riƙo, duk baduku ya sani. Na tambaye shi kai tsaye ko zan sake jan zare. Ya ce bai sani ba tukuna, amsar tana wurina da wurin Allah. Ya ƙara mani mako huɗu a kan shidan.

Wannan zaman shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi, kuma ba a yin komi a cikinshi. Hajo ta kwashe butocin gidan ta kai ɗakinta, ita ke zuba mani ruwan alwala, in na yi motsi ta ce ta gani. Rani ya shigo, lokacin da rijiyoyi ke yin ƙasa, lokacin cinikin wasaki, rumfata na rufe da asabari. Labari na zuwa mani cewa makiyaya sun koma gugan roba na tsohuwar tayar mota. Shanu ba su san baduku na jinya ba. Mutum ɗaya ya biyo ni har gida, Ardo Buba, wani dattijon Bafulatani da ke shayar da garkenshi a rijiyoyin wajen Shagari. Ya sauke ƙirgi mai kyau a zaure ya ce robar nan tana sa ma ruwa wari, shanunshi na sha suna harararshi. Na ce mashi ban san ranar da zan tashi ba, ban ma san ko zan tashi ba. Ya ce ƙirgi ba ya ruɓewa, ya tafi ya bar shi.

Da anka cire maratayi, hannun ya zama kamar na aro. Masu gashin ƙashi sunka karɓe ni. Wata guda aikina shi ne in tsaya gaban bango in hau shi da yatsu kamar ƙadangare, jikoki na leƙe. Bayan nan anka ba ni igiya a kan ƙarfe mai juyawa irin na bakin rijiya, hannun hagu ya riƙa jawo na dama sama. Igiyar tasu ba ta da kyau, na faɗa masu, amma na yi amfani da ita. Ba abin da na ƙara, ba abin da na rage. In sun ce goma, goma. Duk lokacin da zuciyata ta ce gwada sha ɗaya, sai in tuna baƙar kafar nan.

Wata na bakwai Likita ya sake ɗora na'urarshi. Kafar ta cike. Ya sa na miƙa hannu gefe, ya ɗora nashi a kai ya danna ƙasa, ya ce in hana shi. Na hana shi. Ya ƙara ƙarfi, na hana shi. Sa'annan ya ce in ɗaga sama iyakar iyawata. Hannun ya kai daidai kunne ya tsaya, ya ƙi wucewa. Ya ce mai yiwuwa nan zai tsaya, ragowar ko shekaru sun ci ko buta ta ci, shi ba zai rantse ba. Ya ce in koma ɗinki a hankali, amma ɗaga wasaki mai yashi sama da kai, ni da shi har abada, in nemi masu ƙarfi su rataya mani. Ga inda ku na kan benci za ku yi amfani a duniya.

Ranar kasuwar Shagari na ɗauki ƙirgin Ardo na tafi da shi, na riga na yanka na jiƙa tun a gida. Na zauna inda na saba zama a gefen masu igiya. Ardo ya zo ya tsuguna gabana da sandarshi a kafaɗa. Na huda da basilla. Na shimfiɗa yankin fata a ƙarƙashi, na ratsa bakin zare ta nan, na ratsa ɗayan ta can, na naɗa a hannuwa biyu. Na yi bisimilla na buɗe ƙirji a hankali. Zaren ya miƙe. Na ƙara. Fatar ta yi ɗan kukan nan nata, zaren ya nutse. Na tsaya ina saurare, ba a kunne ba, a kafaɗa. Shiru. Na saki na sake ja. Shiru. Na sake.

Ardo ya gyara tsugunno ya ce, "Baduku, tun ɗazu huda guda kaka ja. In haka za mu, damina ta ishe mu nan."

Na ce mashi ya yi haƙuri, ɗinki biyu ake ja a wurin nan, ɗaya ne kawai nashi. Sa'annan na ɗauki basilla na yi huda ta biyu.